Wa ke karɓar mai jinya idan ta gaji? Yadda wasu ƙasashe suka sake tsarin kula da tsofaffi

Kafin shekarar 2000, idan tsoho ya kwanta a Japan kowa ya san wadda nauyin zai faɗa wa: matar babban ɗansa. Ita ce wanka, ita ce kwasar bayan gida, ita ce tashin dare, wani lokaci har shekara goma, alhali ita ma ta ba hamsin baya. Ranar da ta gaza, mafitar da ta rage wa iyali ita ce asibiti. A 1973 gwamnati ta mayar da maganin 'yan shekara 70 zuwa sama kyauta, sai gadaje suka cika da tsofaffin da ba wani magani ake yi musu ba, ajiya kawai aka kawo su, wata da watanni. Kai uba gidan gajiyayyu abin kunya ne, kwantar da shi a asibiti kuwa ba mai zagin ka. Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a kan wannan lissafi.

Ƙasashen da suka taɓuka abin kirki a wannan fanni ba yawan gine-gine ne ya bambanta su da saura ba. Tambaya biyu suka zauna suka amsa. Wa zai karɓi mai jinya idan ta gaji? Kuma me tsohon ke iya yi da kansa wanda bai kamata a ƙwace masa ba?

Amsar Japan ita ce inshorar jinyar tsufa, wadda aka kafa dokarta a 1997, ta fara aiki a watan Afrilun 2000. Duk wanda ya cika shekara 40 yana biyan kuɗinta kowane wata. Wannan gudummawa ce ke ɗaukar rabin kuɗin tsarin, haraji ya ɗauki rabi. Idan ɗan shekara 65 ko fiye ya fara gazawa, shi ko iyalinsa su kai buƙata ƙaramar hukuma. Jami'i zai zo har gida da tambayoyi 74: yana iya juyawa a kan gado, yana iya miƙewa, yana haɗiye abinci lafiya, ya san ranar haihuwarsa, yana fita ya kasa dawowa? A zuba amsoshin a kwamfuta ta ƙiyasta yawan lokacin hidimar da yake buƙata, likitansa ya rubuta nasa bayani, sannan wani kwamiti ya yanke hukunci, a ƙa'ida cikin kwana 30. Matakai bakwai ne, biyu na masu buƙatar ɗan tallafi, biyar na masu buƙatar jinya sosai, kuma kowane mataki da iyakar abin da za a kashe masa a wata. Tsoho na biyan kashi 10 cikin ɗari na kuɗin hidima, masu hali su biya 20 ko 30.

Daga nan sai mai tsara jinya ta shigo, kuma ita ce ƙashin bayan tsarin. Za ta zauna da iyali su shata mako: Litinin da Alhamis mota ta zo da safe ta kai Baba gidan wuni, a yi masa wanka, ya ci abinci cikin sa'o'insa, ya motsa jiki, a dawo da shi da yamma, Talata mai taimako ta zo gida na awa ɗaya, a ba da hayar gado mai ɗagawa da keken guragu, a kafa ƙarfen dafawa a banɗaki, wanda inshora ke ɗaukar gyaran gida irinsa har na yen (kuɗin Japan) 200,000. Akwai kuma kwanan wucin gadi, inda tsoho zai je ya yi 'yan kwanaki domin mai jinya ta yi barci, ta je biki, ko ta ga nata likitan.

Abin da aka fi kai ruwa rana a kansa shi ne ko a riƙa ba iyali kuɗi a hannu. Ƙungiyoyin mata, cikinsu har da ta Keiko Higuchi, suka ƙi. Hujjarsu ita ce kuɗin zai shiga aljihun maigida, aikin kuma ya ci gaba da zama a kan matar ɗa, har ma a ce mata ai biyan ki ake yi. Suka yi nasara: inshorar Japan hidima take bayarwa, ba tsabar kuɗi ba.

Jamus, wadda ta riga ta da nata tsarin a 1995, ta bi ɗaya hanyar. Iyali na da zaɓi: ko ma'aikata su zo, ko a ba su kuɗi duk wata gwargwadon matakin gazawa, ko a haɗa biyun. Yawanci kuɗin suke zaɓa, kuma fiye da huɗu cikin biyar na masu buƙatar jinya a gida ake kula da su. Sai dai Jamusawa sun ɗaure kuɗin da sharuɗɗa masu ma'ana. Wadda ke jinya aƙalla awa goma a mako, inshora na zuba mata kuɗin fansho, don kada ta tsufa hannu rabbana saboda ta bar aiki. Ana koya mata ɗagawa da juyawa kyauta. Ana biyan wanda zai karɓe ta na wasu makonni a shekara. Kuma dole ƙwararre ya leƙo gidan aƙalla sau biyu a shekara. Inda abin ya yi ɓaraka shi ne kuɗin ba ya isa hidimar dare da rana, sai iyalai da dama suka koma ɗauko mata daga Poland da Romaniya su kwana a gida, da yawa ba takarda, ba ranar hutu. Nauyin bai bar kan mace ba, ƙasarta kawai aka canza.

Japan ma tana da nata matsalolin. Kuɗin da tsoho ke biya a wata ya tashi daga kusan yen 2,900 a farko zuwa sama da 6,000. Tun 2015 gidajen jinya masu sauƙin kuɗi ba sa karɓar wanda bai kai mataki na uku ba, sai da dalili na musamman. Albashin ma'aikatan jinya ƙasa yake da na sauran ayyuka, shi ya sa aka buɗe ƙofa ga 'yan Indunusiya a 2008, Filifin a 2009, Biyetnam a 2014, kuma har yanzu hannu bai isa ba. Kusan mutum 100,000 ke barin aiki duk shekara don jinyar nasu. A ƙasar da kusan kashi 29 cikin ɗari sun haura 65, sau da yawa mai jinyar ɗan shekara 85 matarsa ce 'yar 80.

Holan ta fuskanci wata matsalar daban. A can hidimar gida ta wadata, amma an daddatsa ta don rage kuɗi: wannan ya zo wanka, wancan ya zo allura, wata ta zo sa safa, kowa da mintocin da aka ƙayyade masa, tsohuwa ta ga baƙin fuskoki barkatai a wata guda kuma ba wanda ya san ta. A 2006 wani ma'aikacin jinya, Jos de Blok, ya fara wani kamfanin jinyar gida mai suna Buurtzorg da 'yan abokan aiki kaɗan a garin Almelo. Tsarin bai da rikitarwa. Ƙungiya ba ta wuce mutum 12, tana riƙe da unguwa ɗaya da marasa lafiya 50 zuwa 60, ba manaja a kanta. Su suke karɓar sabon majinyaci, su tsara aiki, su ɗauki sabon ma'aikaci, idan sun yi yawa su rabu biyu. Ana ƙoƙarin kada fuskokin da ke shiga gida ɗaya su wuce uku ko huɗu. Ziyarar farko zama ake yi a sha kofi a ji labarin mutum, sannan a bi tambayoyi a jere: me yake iya yi da kansa, me iyali da maƙwabta za su iya, sai abin da ya rage ma'aikaciya ta ɗauka. Idan tsohuwa na da 'yar da suka yi shekara biyu ba sa ga-maciji, sulhunta su na cikin aikin. Awa ɗaya ta Buurtzorg ta fi tsada saboda ƙwararru ne ke yin har wankan, amma binciken da kamfanin bin diddigin kuɗi na KPMG ya yi a 2015 ya nuna awoyin da suke kashewa a kan majinyaci sun gaza na sauran kamfanoni da kusan kashi ɗaya cikin uku. Dalili kuwa, mai wanka da ta san aiki ita ke fara ganin jan tabo a ƙugu tun bai zama gyambo ba. Yanzu ma'aikatansu sun haura 10,000. Masu kwaikwayonsu a wasu ƙasashe sukan yi tuntuɓe a wuri ɗaya: su kafa ƙananan ƙungiyoyi, amma su kasa sakar musu ikon yanke shawara.

Tambaya ta biyu, ta abin da tsoho ke iya yi da kansa, Denmak ce ta fi zurfafa a kanta, kuma a ganina ita ce darasin da ya fi wuyar haɗiya a wajen mutanen da suka ɗauki hana tsoho motsi a matsayin ladabi. Tun 1987 ƙasar ta daina gina gidajen gajiyayyu irin na da. A tsakiyar shekarun 1990 ta wajabta wa ƙananan hukumomi su riƙa tayin ziyarar gida ga tsofaffi tun suna da lafiya. Sannan garin Fredericia ya fito da wata dabara wadda ta zama doka a duk ƙasar a 2015: idan dattijuwa ta nemi a turo mai yi mata wanka, kafin a ɗora ta a kan hidimar dindindin sai a ba ta horo na 'yan makonni. A tambaye ta me take so ta koma yi. A kawo mata kujerar wanka da soso mai dogon mariƙi, a koya mata miƙewa daga zaune sau da yawa a rana, mai taimako ta tsaya kusa amma ta riƙe hannunta a baya. Makonnin farko sun fi cin lokaci da kuɗi, don sa wa mutum riga ya fi sauri a kan jiran ya sa da kansa. Amma da yawa sukan ƙare ba sa buƙatar taimakon, ko kaɗan suke buƙata.

Akwai dalilin jiki a bayan wannan. An gwada an gani cewa tsoho mai lafiya idan ya yi kwana goma a kwance yana asarar kusan kilo guda na naman ƙafafu. Wanda aka ce masa "zauna, Baba, a kawo maka" sau ashirin a rana, a hankali ƙafar ke mutuwa, daga nan faɗuwa, daga faɗuwa karayar ƙugu, daga nan kwanciyar da ba a cika tashi ba. Barin tsohuwa ta gyara wake, ta share ƙofar ɗakinta, ta ɗauki butarta da kanta, magani ne.

Gigin tsufa, wato ciwon mantuwa, shi ne inda dabarun suka fi ban sha'awa, kuma suka fi tsada. Hogeweyk, wani ƙauyen jinya a garin Weesp kusa da Amsterdam a Holan, an buɗe shi a 2009 da gidaje 23 da mazauna 152, dukkansu masu ciwon mantuwa mai tsanani. Mutum shida ko bakwai a gida, da kicin ɗinsu, ana girki a gabansu su ji ƙamshi su taya yanka albasa. Akwai kanti, gidan abinci, wurin aski, tituna da lambu. Ma'aikata ba sa sa kayan asibiti. Ƙofar fita ɗaya ce kuma ana gadinta, saboda haka mai son yawo sai a bar shi ya yi yawonsa, duk wanda ya gamu da shi ya san yadda zai rako shi gida. Hikimar ita ce yawancin faɗa da ihun mai gigin tsufa daga tsoro da kullewa suke tasowa. Idan aka rage su, buƙatar maganin sa barci ta ragu. Masu suka na cewa gari ne na wasan kwaikwayo, kuma ginin kaɗai ya ci kusan yuro miliyan 19. Faransa ta buɗe irinsa a garin Dax a 2020, amma ba abin da za a yi wa miliyoyin mutane ba ne.

Abin da ya fi araha Japan ta yi shi. Tun 2005 ake ba talakawa horon minti 90 a kan ciwon mantuwa, masu kanti, ma'aikatan banki, direbobi, 'yan makaranta, kuma waɗanda suka samu horon sun haura miliyan goma. Ana koya musu abu uku: kada ka firgita shi, kada ka gaggauta shi, kada ka kunyata shi. Ka tunkare shi ta gaba, mutum ɗaya, ka sunkuya daidai idonsa, ka yi tambaya ɗaya ka jira amsa. A ƙasar da ake kai wa 'yan sanda rahoton ɓatan masu wannan ciwo fiye da 17,000 a shekara, garin Omuta yakan yi atisaye duk shekara: wani ya fito a matsayin tsohon da ya ɓata, a baza sanarwa, a ga ko minti nawa unguwa za ta ɗauka kafin ta tsince shi. Wannan ba ya buƙatar komai sai mai unguwa, liman da masu shaguna. Kuma yana da muhimmanci a yankinmu fiye da can, don tsohuwar da ta fita tsakar dare tana sambatu, tana kiran sunayen matattu, a wurare da dama mayya ake ce mata. Kisan da aka yi wa Akua Denteh, 'yar shekara 90, a Kafaba ta arewacin Gana a 2020 bisa zargin maita ya nuna inda irin wannan zargi ke kaiwa.

Wasu ƙasashen doka suka ɗauko. Singafo tun 1995 ta ba iyaye 'yan shekara 60 damar kai 'ya'yansu ƙara a kan ciyarwa, Indiya ta yi irinta a 2007, Sin kuma a 2013 ta wajabta wa 'ya'ya ziyartar iyaye. Iyaye ƙalilan ne ke iya maka ɗansu a kotu, kuma ziyarar da alƙali ya tilasta an san irinta. Singafo ta fi cin riba da tallafin kuɗin sayen gida ga wanda zai zauna tare da iyayensa ko cikin tazarar kilomita huɗu da su. A Afirka kuwa abin da ya fi tasiri shi ne ɗan kuɗi a hannun tsohon kansa: Afirka ta Kudu na biya daga shekara 60, Lesotho ta fara biyan duk ɗan 70 a 2004, Zanzibar a 2016. Binciken masaniyar tattalin arziki Esther Duflo a Afirka ta Kudu ya gano cewa idan kaka mace ce ke karɓar kuɗin, jikokinta mata sukan fi girma da ƙiba. Tsohuwar da ke sayen gero da kuɗinta ba a ganin ta a matsayin kaya. Najeriya na da dokar Cibiyar Dattawa ta Ƙasa ta 2017, da sashen lafiyar tsofaffi a asibitin koyarwa na Ibadan tun 2012, amma wanda bai yi aikin albashi ba yawanci babu fanshon da ke jiran sa.

Saboda haka a ƙasar Hausa jinya tana nan a tsakar gida, a hannun matar ɗa, ko 'yar da aurenta ya mutu, ko jikar da aka cire daga makaranta. Abin da ma'aikatan Buurtzorg ke dubawa a kowace ziyara ba ya buƙatar inshora. Wanda ba ya iya juyawa da kansa, a juya shi duk awa biyu, dama, baya, hagu, a sa matashi tsakanin gwiwoyi, wani a ƙarƙashin sha-raɓa don diddige ya bar katifa. Kullum a duba ƙashin gindi, ƙugu da diddige. A baƙar fata ja ba ya fitowa sosai, sai a lura da wurin da ya fi duhu, ko ya yi zafi, ko tauri. Kada a murza shi, a ɗauke masa nauyi. Shimfiɗa leda kai-tsaye a ƙarƙashin fata kuskure ne da ake yawan yi, zufa da fitsari ke taruwa su dafa fatar. A sa zani mai tsotse ruwa a kai, a canza da zarar ya jiƙe. Ba a ɗura wa mutum abinci a kwance. A zaunar da shi sosai, ƙaramin cokali, a bar shi a zaune rabin awa bayan ya gama. Idan yana ƙwarewa da ruwa, kunu mai ɗan kauri ya fi sauƙin haɗiya, kuma ƙwarewar da ta yawaita maganar likita ce, don abin da ya bi ta maƙogwaron iska shi ke zama ciwon huhu.

Faɗuwa yawanci a hanyar banɗaki take, da dare. Masai na tsuguno ba na mai ciwon gwiwa ba ne: kafinta zai iya huda kujera a sa bokiti a ƙasa, a ajiye kusa da gado, da tocila a inda hannu ke kaiwa, a ɗauke tabarmar da bakinta ya naɗe. Tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar yaro, don haka a watannin zafi ba a jiran ya nema, miƙa masa ake yi a kai a kai, sai fa in likita ya taƙaita masa ruwa saboda zuciya ko ƙoda. Shari'a ta sauƙaƙa masa salla a zaune, da taimama, da ciyarwa a madadin azumin da ba zai iya ba, amma sau da yawa sai an sa malamin da yake jin maganarsa ya faɗa masa kafin ya yarda. A tattara duk magungunan da yake sha, har na kemis da na gargajiya, a kai wa likita ɗaya ya gani. Magungunan ciwon gaɓɓai irin su diclofenac suna cin ciki da ƙoda idan aka daɗe a kansu, masu sa barci kuma suna kawo jiri da faɗuwa. Sannan a bambance abu biyu da ake yawan cakuɗawa: gigin tsufa a hankali yake zuwa, wata da watanni. Wanda jiya lafiya lau, yau ya rikice bai gane kowa ba, wannan alamar wata cuta ce, ciwon mafitsara, ko na huhu, ko ƙarancin ruwa, ko faɗuwar sukari, ko wani sabon magani, kuma a ranar ya kamata a kai shi asibiti.

Duk wannan aiki ne na awa ashirin da huɗu, mutum ɗaya ba ya iya shi. Gidan wuni na Japan da makonnin hutu na Jamus abu ɗaya suke saya, wato barcin mai jinya. A gidan da babu gwamnatin da za ta biya, 'ya'ya ne za su zauna su rubuta: wa ke kwana Litinin, wa ke kwana Juma'a, wa ke kai asibiti, na Legas da na Abuja nawa za su turo kuma ranar nawa ga wata. A ware wani kaso na kuɗin a damƙa wa mai jinyar a hannunta, ba ta hannun mijinta ba, a ba ta yini guda a mako da ba za a neme ta ba. Wanka da tsarkin uba kuma aikin 'ya'yansa maza ne. Barin sa ga matar ɗa nauyi ne gare ta, kunya ce gare shi. Idan aka ga mai jinya ta fara daka wa tsoho tsawa, ko tana kulle shi a ɗaki, ko tana ƙara masa maganin barci, kafin a kira taron dangi a yi mata faɗa a fara tambayar rabonta da barcin dare cikakke.